Daga Makuba Zuwa Sitansil: Yadda Yaro Ya Samu Bango a Zamfara

Dukan farko da na sha a kan sana'ata a Bungudu na sha shi, ina ɗan shekara bakwai. Mahaifina magini ne. Ya kwana uku yana yaɓen zaurenmu, ya bi shi da makuba har yana ɗaukar ido, ni kuma na tsinci gawayi a murhun Inna na zana masa jirgin ƙasa tun daga bakin ƙofa har ƙurya, tarago tara da hayaƙinsu. Sau ɗaya tak na taɓa ganin jirgin, ran da aka je da ni Gusau, amma bai bar kaina ba. Da Baba ya dawo daga masallaci ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?" Na ce ni ne, ina jiran yabo. Tsumagiya ce ta ba ni amsa. Sai da dare, ina kwance ina ajiyar zuciya, na ji yana ce wa Inna ƙasa-ƙasa, "Ɗan banzan ga, ƙafafun jirgin duk daidai yay yi su."

Yau shekarata arba'in da 'yan kai ina riƙe da buroshi, kuma abin da aka dake ni a kansa shi ake biya na in yi. Sai a kira ni daga Tudun Wada ko Samaru a Gusau, ko daga Tsafe, a ce in zo in yi wa ɗakin yara ado. Yaran da nake koya wa aiki sun ɗauka a waya abin ya faro. Shi ya sa nake so in faɗi yadda na gan shi yana tahowa, tun daga yatsan magini har zuwa injin buga sitika.

Gidan da babu ɗakin yara

A gidan da na tashi babu wani abu wai shi ɗakin yara, kuma haka yake a gidan sarki da na talaka. Jariri yana bayan uwarsa da rana, yana gefenta da dare. In aka yaye shi sai a kai shi wurin kaka. Namiji in ya fara tasawa ya koma zaure ko shagon samari, su biyar ko shida a kan tabarmi ɗaya. Mace kuwa tana ɗakin uwa ko na kaka har ranar da za a kai ta ɗakinta, kuma wannan ɗaki na aure shi ne bango na farko da za ta ce nata ne.

Saboda haka ado a wancan zamani wuri biyu yake zuwa. Na waje na maigida ne, aikin magina. Suna kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana tana ruɓa, su yaɓa, sannan tun tana ɗanya su ja zane da yatsu ko su ɗora ƙasa a kan ƙasa ta yi tudu. A kan ƙofar zaure za ka ga dagi, ko takobi, ko siffar allo, sama kuma zankwaye. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ba bango wannan launi mai duhu, ta kuma hana ruwan damina cin sa. Mai hali ya sa a yi masa laso da katsin marina. Baba bai taɓa zuwa Zariya ba, amma in ana hirar gini sai ya ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, kamar mai ambaton kakansa. A can Zariyar ne magina suka fi sakin hannu, har suka riƙa ɗora keke da agogo da jirgin sama a fuskar gida, don mai wucewa ya san maigidan ya ga duniya.

Na ciki kuwa na mata ne, kuma babu namijin da ke sa musu baki. Su ke yin daɓe, suna buga ƙasa da madaɓi suna waƙa, su yayyafa ruwan makuba. Su ke jiƙa farar ƙasa su shafe ɗaki da tsumma, wata ta ɗiga shuni a ciki don farin ya ƙara fita. Sannan a yi jere. A da ƙore ne da tasoshi, daga baya kwanonin langa masu fure suka shigo, har wasu suka riƙa manna faranti a jikin ɗanyen yaɓe, layi bisa layi, tun daga ƙasa har rufi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙauyukan Bungudu da fitilar ƙwai a hannu, haske yana tsalle daga kwano zuwa kwano, ya san matan nan ba su jira kowa ya koya musu tsara bango ba.

To ina yaro a cikin wannan duka? Yana gindin bango da gawayinsa. 'Yan mata suna gina wa 'yar tsana ɗaki da kara su yi mata jere da marafan kwalba, maza suna ƙera doki da laka. Ado ɗaya ne aka yarda a yi don yaro, shi ne zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, wadda gwani ke tsarawa da tawada baƙa da ja da ɗorawa. Ita ma a allo take, ana gama zagayen dangi a rataye ta a ɗakin uwa.

Reza, soso da hoton ƙirji

Abin da ya sauya bango a ƙasarmu a jirgi ya zo. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, kwanon rufi da siminti da gwangwanin fenti suka fara sauka. Da masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, buhu ya matso kusa da mai matsakaicin ƙarfi. Siminti kuwa ba ya jiran yatsa kamar laka, kafin ka gama tunanin zane ya daskare. Bango ya zama shafaffe, sumul, yana neman launi. Nan magini ya ja da baya, mai fenti ya shigo. Na ga wannan a gidanmu: kayan aikin Baba suna jingine, ana zuwa neman birkila a wuce shi.

Na shiga firamare a 1976, shekarar UPE, kuma a jikin ajinmu na fara ganin zanen fenti, taswirar Nijeriya da wani malami ya yi. Ina gamawa, Baba da kansa ya kama hannuna ya kai ni Sabon Garin Gusau wurin wani atis, Bayarabe haifaffen garin, mai Hausa kamar jakin Kano. Ya ce masa, "Ga shi nan, bango dai yaka ɓata min. Ka sa shi ya ɓata inda za a biya."

Shagon Oga ɗaki ɗaya ne, amma rabin garin ta nan yake bi. Muna rubuta allon kanti, muna zana kawuna a shagon aski, muna yin kifi da kaza a bangon gidan abinci. Direbobin manyan motoci suna kawo bodin katako a zana musu zaki ko dawisu a baya, a rubuta musu karin magana a goshi. Shekara guda cur ban taɓa fenti ba sai wankin buroshi da kananzir. A shekara ta biyu ya ba ni reza ya ce in koyi sitansil, wato a huda siffar abu a jikin takarda mai tauri, a ɗora a bango, a bi da fenti, siffar ta fito.

Kwali muke yanka wa aikin kwana ɗaya, amma wanda ake so ya daɗe da fim ɗin hoton ƙirji ake yin sa, irin wanda asibiti ta gama da shi. Ba ya jiƙa, ba ya yagewa, yana lanƙwasa ya bi bango. Sau da yawa in na ɗaga shi a rana don in duba yankan, sai in ga haƙarƙarin wani bawan Allah a bayan harafin. Darasin farko shi ne gada. In za ka yanke harafin O ko B, dole ka bar 'yan siraran wurare da ba ka yanke ba, su riƙe cikin harafin, in ba haka ba tsakiyar ta faɗo ka samu rami kawai. Darasi na biyu shi ne soso. Ana yanko shi daga tsohuwar katifa, a tsoma kaɗan, a goge a jikin kwali har ya kusa bushewa, sannan a riƙa dangwalawa a tsaye, ɗis-ɗis, ba a ja. Duk wanda ya cika soso da fenti don ya yi sauri, fentin zai kurɗa ƙarƙashin fim ya zubo da hawaye. Oga ba ya zagi. Sai dai ya tsaya a bayanka ya ce, "Bangonka na kuka, me ka yi masa?"

Siyasa ce ta fi ciyar da sitansil. A zaɓen 1983 mun buga gida da masarar NPN har hannuna ya yi kanta, wasu kuma suka zo da dare a yi musu mabuɗin PRP. A 1993 doki ne da mikiya. Daga baya masara da lema, sannan tsintsiya. Mu dai fim ɗaya ne da soso ɗaya, sai dai a wanke.

A shekarun nan ne samari suka fara yi wa shagonsu ado, amma da gam da ƙusa: kalanda, hoton Amitabh da Hema Malini, Bruce Lee, 'yan ƙwallo. Wannan ne karo na farko da na ga wanda bai yi aure ba ya ce bangon nan nawa ne.

Jiha, Shari'a da makarantun kuɗi

Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Kakarmu ta yanke saƙa. Kowace ma'aikata tana son allo, kowace motar gwamnati tana son tambari a ƙofa, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato da iyalansu suna neman gidaje. A shekarar na buɗe shagona.

Bayan shekara uku, ranar 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Mutane suna tambayata ko ta kashe mana sana'a. Abin da na gani shi ne ta sauya mana hannu. Gidajen giya sun rufe, mu muka bi muna shafe matan da muka zana a bangonsu. Masu neman hoton mutum suka ragu, masu neman rubutun Larabci suka ƙaru, aka cika bakin titi da allunan zikiri. Oga bai iya Larabci ba, ni kuwa na yi makarantar allo, na san babbaƙu da farfaru. Sai ga wanda ya koya mini riƙon reza yana aiko mini da aiki. Wanda bai koyi ja da alƙalami daga dama ba, a shekarun nan ya sha wuya.

A lokaci guda kuma makarantun kuɗi suka fara tsirowa, nazire da firamare da Islamiyya, ga shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba 1999. Mai makaranta ya gane cewa kafin iyaye su tambayi takardun malamai, bango suke fara kallo. Sai muka shiga zana katanga: haruffa, lambobi, agogo, sassan jiki, tutar ƙasa. A nan ne, ba a gida ba, aka fara zana bango domin idon yaro a Zamfara. Kuma littafin Legas muke kwafa. Na zana tuffa a gefen harafin A fiye da sau ɗari kafin in taɓa ɗanɗana ta.

Wata rana a Tsafe, garin da ke da 'Yandoto a bayansa, inda aka yi karatu tun kafin jihadi, wani tsohon hedimasta ya tsaya yana kallona ina aiki, ya ce, "Malam, ina ƙa mai ƙugiya?" Na duba. Duk sitansil ɗin da ke jakata babu Ɓ, babu Ɗ, babu Ƙ, don wanda na kwafa daga gare shi ba ya da su a bakinsa. A daren na yanke su. Ƙugiyar Ɗ ta fi ba ni wahala, sai da na ɓata fim huɗu kafin gadar ta tsaya. Tun daga ranar, in aka bar ni da zaɓi, agwagwa nake sa wa A, ɓaure a Ɓ, ɗorawa a Ɗ, ƙwarya a Ƙ.

Kusu a kan gadon jika

Ɗakin yara na farko da na yi, wajen 2004 ne, a gidan wani ma'aikaci da ya yi zama a Kaduna. Sabon fasalin gini ne, falo da ɗakuna a rufi ɗaya, kowane da banɗakinsa, ga ɗaya an ware wa yara biyu. Lokacin dish ya shiga gidaje, yara suna kwana a kan Spacetoon, kuma Hajiya ta ce Tom and Jerry take so, manya, a saman gado. Na ja murabba'ai a kan hoton da ta ba ni, na ja irinsu manya a bango da alli, na kwashe zanen gida-gida. Kwana huɗu na yi. Ni kaina na yaba wa kaina.

Ranar da na je karɓar cikon kuɗi na tarar mahaifiyar Alhaji ta zo daga ƙauye. Ta leƙa ɗakin, ta ja baya, ta riƙe haɓa.

"Mi a wanga? Mussa da kusu? Mu muna biɗar maganin kusu, ku kuna biyan kuɗɗi a zana shi bisa kan jikana?"

Alhaji ya ce, "Inna, wasan yara ne."

Ta ce, "To ni ba ni salla ɗakin ga."

Magana ta kai ga malamin unguwa. Ya yi bayani a natse. Ya ce akwai hadisai masu tsanani a kan surar abu mai rai, har da wanda ke nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da take. Ya ce malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shafe a bango, wanda da yawansu suka ɗauka makaruhi, wasu malaman kuma ba su yarda da ko ɗaya ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, tun zamanin sahabbai an ba mai irin sana'ata shawara ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Alhaji ya zaɓi zaman lafiya da mahaifiyarsa. Na shafe kwana huɗuna da rola a cikin rabin sa'a.

Da na tsaya gaban farin bango ban san abin da zan sa ba, sai na tuna hanyar Tsafe. Na zana dutsen Kwatarkwashi kamar yadda yake bayyana daga mota, da giginya biyu, da gonar dawa a gindinsa, da jinjirin wata. Na buga taurari da sitansil a sama har suka hau silin. Mahaifiyar Alhaji ta dawo ta duba ta ce, "Yauwa, wanga na san shi." Yaron kuwa kuka ya yi, kusunsa yake so. Har yau a tsakanin kaka da jika nake aiki. Gidaje da yawa ba su damu ba, ina zana musu Spider-Man da gimbiyoyi. Wasu su ce a yi tsuntsu amma kada a sa masa ido. Wasu haruffan Larabci kawai da addu'ar barci, ita ma ina ɗora ta can sama, inda hannu mai miya ba ya kai.

Abin da 2010 ta koya mini

Akwai abin da nake jin nauyinsa, kuma gara in faɗe shi da bakina. Shekara da shekaru fentin mai muke zane da shi, don shi ke da ƙyalli, shi ke jure wanki, launinsa kuma ya fi fita. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya Bagega. Yara kimanin 400 suka rasu, likitocin MSF suka zo suka yi ta jinya. Wannan ba daga fenti ya zo ba, daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gida. Na ji a rediyo, na yi addu'a, ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba.

Sai da na je aiki gidan wani ma'aikacin lafiya a Tsafe. Ina buɗe gwangwani ya ce, "Malam, dakata. Na mai ne?" Na ce shi ne mai kyau. Ya zaunar da ni a kan benci ya ce dalmar da ta kashe yaran Anka ita ake zubawa a wasu fentin mai, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo, don launi ya fito ya kuma bushe da wuri. Ya ce Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, ma'aunin da ake kira ga ƙasashe su bi kuma shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ya ce ba ta kashewa a rana ɗaya, a hankali take cin ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu a ce daƙiƙi ne. Fenti in ya tsufa yana ɓarewa, yaro mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa.

A mota ina komawa Gusau na riƙa ƙirga katangun nazire da na yi wa rana da ruwan ɗorawa da tuffa ja, daidai tsayin ɗan shekara uku. Ban san wanne ke da ita wanne babu ba, kuma ba ni da hanyar sani.

Tun ranar ban ƙara shigar da fentin mai ɗakin yaro ba. Fentin ruwa nake sa wa, mai santsin da ake iya gogewa da tsumma, na kamfanin da ya rubuta a jikin bokiti cewa bai sa dalma ba. Wanda ake aunawa a kwalba a kasuwa, ba suna ba adireshi, na bar shi. Tsohon fentin mai ba na goge shi da samfefa a bushe, sai na jiƙa, kuma sai an fitar da yara da katifunsu. Sabon filasta ina barin sa mako huɗu ya sha iska, in ba haka ba gishiri ya taso ya tumɓuke aikin. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe galan uku ya ishe shi shafi biyu, in ya bushe in ja layi da zare mai bula, in fara daga bangon da ido ke fara sauka a kai in an buɗe ƙofa. In na gama, taga a buɗe kwana uku kafin kowa ya kwanta.

Inda muke yau

Kwamfuta ta ci rabin sana'armu. Allon da nake kwana biyu ina rubutawa, yanzu yaro yana tsara shi a CorelDraw a buga masa a bana kafin la'asar. Ɗakuna sun koma POP da sikiridin da takardar bango da sitika 'yan China. Ba na faɗa da su, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Sai dai zafin Afrilu a Gusau ba ya raga wa gam, bayan damina biyu gefen takarda ya fara ɗagowa, kyankyaso ya samu gida, a sake nemana.

Wani abin da ban zata ba shi ne dawowar mata. Masu lalle sun daɗe suna yanka fure a jikin salatif su manna a ƙafa su cike da lalle, wanda shi ne sitansil ba ragi. 'Yata ta biyu daga nan ta faro, yanzu ita ke yanke mini duk wani zane mai ƙananan ganye, kuma tana shiga gidajen da aka rubuta ba shiga, inda ni sai maigida yana nan. Bangon ciki dama nasu ne tun zamanin farar ƙasa.

Rashin tsaro kuma ya taɓa mu kamar kowa. Hanyar Tsafe da nake bi da asuba ba tunani, yanzu sai rana ta ɗaga an tambayi direbobi. A 2021, bayan ɗauke 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu, aka rufe makarantun kwana, a watan Satumba kuma aka rufe makarantu aka katse layukan waya. Makarantu su ne manyan masu ba ni aiki, na yi watanni buroshina a bushe. Kuma na san maganar ɗakin yara ta 'yan kaɗan ce, a garin da iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya bayan sun baro ƙauyensu.

Kwanaki aka kai ni duba wani kango a bayan gari, mai shi yana so a ƙarasa. 'Yan gudun hijira sun zauna a ciki sun tashi. Daga ƙasa zuwa tsayin ƙuguna, bangon cike yake da gawayi. Akwai shanu, akwai rumbu, akwai wata mace da tulu. Akwai kuma babura, kowanne da mutum uku a kai, kowane mutum da abu mai tsawo a kafaɗa. Ni jirgi na gani ina shekara bakwai, shi na zana. Mai kangon ya ce, "Duk ka shafe min wannan ƙazanta." Na shafe, aikina ne. Amma na daɗe a tsaye kafin in tsoma rola, kamar yadda Baba ya daɗe.

Shi ya sa yanzu duk ɗakin yaran da na karɓa, ina roƙon a bar mini gefe ɗaya, daga ƙasa zuwa mita guda, in shafa baƙin fentin allo na ruwa, in ajiye kwalin alli a taga. Iyaye sukan yi gardama. Wani Alhaji a Bungudu, ba nisa da unguwar da aka haife ni, ya ce, "Malam, na biya kuɗin ado, ka bar min wuri baƙi ƙirin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sama naka ne da Hajiya, nan na mai ɗakin ne." Ya yi dariya ya ce in yi yadda na gani.

Bayan mako biyu na koma karɓar ciko. Yaron, ɗan shekara shida, ya ja ni da hannu zuwa ɗakin. Bai nuna mini taurarina ba, bai nuna mini dutsen ba. Ya nuna mini Keke Napep da ya zana da alli, da direba, da fasinja har bakwai a ciki, ɗaya yana leƙowa. Na durƙusa na duba ƙafafun. Ta gaba ta fi na baya girma nesa ba kusa ba. Na ce masa ya kawo allin, ya ce a'a, haka tasa take.